Kan Buroshin da Ya Ci Aikin Jatau

Zuwa ga ɗana Tanko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sa ka shiga Kaduna da ƙafar dama, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin masauki, da sharrin mai yi maka dariya a fuska alhali cikinsa ba haka yake ba. Innarka tana gaishe ka, yayyenka mata ma suna gaishe ka.

Ba labarin gida ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, gida yana nan yadda ka bar shi. Da hannuna nake rubutawa, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ka yi haƙuri da karkacewar layi. Ban kai wa mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ba, domin abin da ka faɗa masa da hantsi, kafin azahar ya isa rumfar mahauta.

Ranar da na raka ka tasha na so in yi maka maganar nan, sai Malam Sale, ɗan hayarmu da ya samo maka aikin, ya tsaya tsakaninmu kamar an dasa shi, har mota ta tashi. Ban ce mugu ba ne. Amma mutumin da bai cika shekara a garin nan ba, yana cikin baƙin da suka kwararo tun da aka ɗauke mana sunan Abuja aka ba sabon birni aka bar mu da Suleja, ba dangin iya ba na baba, ya tashi haka kawai ya nemo wa ɗana aiki, dole in tambayi kaina abin da yake so. Ka girmama shi, in ya zo Kaduna ka je ka gaishe shi, amma kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba don kawai ya ce ka sa.

Ya ce aikin wanke tagogi ne a wani ofis mai hawa huɗu. Na ji ka kana gaya wa abokanka cewa wannan ba sai an koya ba, ruwa ne da sabulu. Shekara goma sha shida na yi ina wannan aikin a gidan saukar baƙi na kan tudu, kuma abin da ya fi komai nauyi a zuciyata yau, a kansa ya same ni. Kana ƙarami lokacin, ba ka sani ba, ni kuma ban taɓa gaya maka ba.

Za su ba ka bokiti da tsumma da doguwar sanda, da kan buroshi da ake ɗaurawa a bakin sandar. Sanda takan yi shekaru ba ta ce komai ba. Kan shi ne ke mutuwa. Katako ne aka huhhuda, aka cusa gashi tuntu-tuntu a ramukan, aka kama kowane tuntu da siririyar waya. Muddin gashin yana da tsawo da ƙarfi, wayar tana ɓoye a ƙarƙashinsa. Ranar da gashin ya gaji, wayar za ta leƙo, kuma daga ƙasa ba ka ganinta, domin kan yana can sama, kai kana nan ƙasa riƙe da sanda.

Kuskurena na farko son yabo ne. Mai sitonmu wani tsoho ne mai maƙo, duk leburan da ya je neman sabon kayan aiki sai ya sha zagi kafin a ba shi. Wata rana a gaban kowa ya nuna ni ya ce, "Ku dubi Isa. Kan buroshi ɗaya tun bara, bai taɓa zuwa ya dame ni ba." Maganar nan ta hau mini kai kamar an yi mini naɗi. Daga ranar na ƙudurta sai na kai kan nan damina ta uku. In gashin ya baje ya kwanta gefe, sai in ɗauko almakashin Innarka in daidaita shi, ya fito tsaf kamar sabon aski. Ban yi tunanin cewa kowane aski yana ƙara kusanto da waya ga gilashi ba.

To ka ji, yabon mai sito ba naka ba ne, na sitonsa ne. Ranar da gilashi ya lalace ba shi za a kira ba. Kuma kada ka taɓa sa almakashi a kan buroshi. Buroshin da ya kai a yi masa aski ya kai a canja shi.

Ga yadda za ka gane ya ƙare. Kowace safiya, kafin ka tsoma shi a ruwa, ka kwance shi daga sanda ka riƙe a hannu. In gashin ya buɗe a tsakiya kamar tsagar kitso, ko ya kwanta gefe ɗaya ya ƙi miƙewa bayan ya bushe, kwanansa ya kusa. In katakon ya kumbura ya fara tsagewa, tuntun gashi zai riƙa zubewa, kuma duk ramin da gashi ya fita waya ce ta rage a ciki. In ka wanke taga sau biyu tana barin layi-layin datti, ba sabulu ne ya yi kaɗan ba. Da damina kuma, ruwan sama yakan fantsamo yashi a gilashi, tsohon buroshi ya haɗiye yashin a gindin gashinsa, ka ɗauraye har ka gaji ba zai fita ba. Sannan ka saurara da kunne. Lafiyayyen buroshi shuu yake yi a jikin gilashi, wanda ya mutu kuwa yana da wani ɗan siririn ƙara kamar kukan ɓera. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na ƙarshe: ka danna shi a bayan hannunka da ƙarfin da kake danna taga, ka ja. Abin da fatarka ba ta jure ba, gilashi ma ba zai jure ba. Duk wannan na san shi yanzu. A lokacin rabinsa na sani, rabin kuma na ƙi sani.

Mu biyu ne a kan tagogi, ni da wani mutumin Iku mai suna Jatau. Ni ke gaba da buroshi da ruwan sabulu, shi yana biye da ruwa mai kyau da tsumma, ya ɗauraye ya goge. Ya riga ni shiga aikin da shekara biyu, amma ni aka ba sanda, kuma mai sanda shi ne babba. Bai taɓa nuna mini komai ba. Mukan ci abinci a kwano ɗaya, in ya je gida ƙarshen mako ya kawo mini doya. Amma wani mai dafa abinci ya taɓa raɗa mini cewa Jatau yana cewa an yi masa ƙwace. Ban tambayi Jatau ba. Na ajiye maganar a ciki, tana girma.

Wata safiya muna aiki ya tsaya da tsumma a hannu ya ce, "Malam Isa, buroshin nan naka yana kuka."

Na ce, "Kunnenka ne ke kuka."

Ya ce, "Ka dai duba shi."

Na ce, "In sandar kake so, ka je ka gaya wa heluma shugabanmu, ba sai ka bi ta kan buroshi ba."

Ya dube ni, ya sunkuya ya matse tsummansa. Ni kuwa a raina na ce, to ga shi ya fara fitowa fili. Wannan shi ne kuskurena na biyu. In abokin aikinka ya ce kayan aikinka sun lalace, ko da ka tabbata maƙiyinka ne, ka sauke ka duba. Dubawa ba ta ɗaukar lokacin shan ruwa. Maƙiyi ma yakan faɗi gaskiya, balle wanda ba ka tabbatar ba.

Ba a daɗe ba aka cire tsofaffin tagogin ɗakin cin abinci aka sa manyan gilasai, falle guda guda, kowanne ya fi tsawon mutum. An ce daga Ikko aka kawo su, kuma manaja da kansa ya tsaya aka ɗora. Heluma Garba, wanda ke kan leburori duka, ya kira mu ya ce, "Waɗannan ba irin na da ba ne. Wanda ya ɓata su ya ɓata kansa."

Wanki na farko lafiya, ko kuma ba mu lura ba. A na uku, da gilashin ya bushe rana ta doke shi daga gefe, sai ga zane-zane sirara, dogaye, a jikin biyu daga ciki. Muddin gilashi yana jiƙe ba a ganin irin wannan. Sai an goge ya bushe yake fitowa, wato sai bayan hannun Jatau ya wuce. Da na gani, zuciyata ba ta je ko kusa da buroshina ba. Kai tsaye ta tafi kan Jatau.

Yana da wani zoben ƙarfe mai ɗan tudu a yatsarsa, na mahaifinsa ne, ba ya cire shi. Kwana uku na yi ina kallon zoben nan ta wutsiyar ido. In ya juya tsumma in ce ga shi yana fito da zoben. In ya daɗe a taga ɗaya in ce ga shi yana aikinsa. In ya yi shiru in ce rashin gaskiya ne, in ya yi wasa in ce yana rufe sawu ne. Na haɗa komai ya zauna daidai: yana so a ce mai sanda ne ya ɓata, a kore ni, a ba shi. Ka kiyayi zargin da komai ke tabbatar da shi, Tanko. In ka ga shirun mutum hujja ne, maganarsa ma hujja ce, to ba shi kake kallo ba, abin da ka riga ka yanke kake kallo.

Rana ta huɗu manaja ya gani. Heluma ya tara mu a gaban gilasan, da mai sito da masu dafa abinci duk suna tsaye. Ya ce, "Ku biyu ne kaɗai ke taɓa su. Wane ne?"

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni kewayawa nake yi da tsumma. Wannan zanen kuwa a miƙe yake, daga sama zuwa ƙasa."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk mai ido zai gani. Heluma ya waiwaya ya dubi buroshina, yana jingine a bango, kansa a sama. Daga inda yake tsaye ya gan shi tsaf, gashi a daidaice, domin shekaranjiya na yi masa aski. Mai sito ya ce, "Buroshin Isa ba ya da laifi, mutum ne mai riƙon kaya." Sai heluma ya dubo ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban ce kowa ba ne. Amma a duba hannunsa."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na daɗe ina lallashin kaina da cewa ban ambaci sunansa ba, ban yi ƙarya ba. Amma na san abin da nake yi. Heluma ya kama hannun Jatau, ya ga zoben, ya murza tudun da babban yatsa, ya saki. Jatau bai dubi heluma ba, ni ya duba.

Ya ce, "Malam Isa, kai ma ka yarda da haka?"

Na kawar da kai.

Kafin la'asar an sallame shi. An ba shi takarda mai cewa ya ɓata kayan gida da gangan, kuma da irin wannan takarda babu inda za a ɗauke ka ko gadi. Yana zaune ne da iyalinsa a ɗaki ɗaya cikin ɗakunan ma'aikata na bayan gidan, aka ce ya fita cikin kwana biyu. Ina kan tsani na hango su sun bi hanyar Iku, matarsa da tukwane a ka, shi da tabarma da akwati. Abin da na ji a raina lokacin, in gaya maka gaskiya, daɗi ne. Na ce Allah ya kama mai haƙa mini rami.

Saboda haka in aka tambaye ka a kan wani, ka faɗi abin da idonka ya gani, ka tsaya nan. In ba ka gani ba ka ce ban gani ba. Nuni da haɓa ya fi zargi a fili muni, domin mai nuni yana da wurin ɓuya, wanda aka nuna ba shi da shi.

Ba a kawo wani a madadinsa da wuri ba, na koma ni ke wankewa ni ke gogewa. Bayan mako biyu, da hantsi, na gama gilashi na uku, wanda ba shi da ko ɗigo a da. Na goge, na ja da baya ina jiran ya bushe. Sai ga su, layi biyu, a miƙe daga sama zuwa ƙasa. Na duba hagu na duba dama, wallahi har a lokacin ina neman wanda zan ɗora wa. Babu kowa sai ni. Na sauke sandar, na kwance kan, na danna shi a bayan hannuna na ja. Layi biyu na jini suka fito, tazararsu ɗaya da ta jikin gilashin.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. Ofishin heluma bai fi taku talatin daga inda nake ba, Jatau kuma mako biyu kawai da tafiya, ba a ba kowa gurbinsa ba. Da na shiga da kan buroshin nan a hannu, da an aika an kira shi. Amma na tuna yabon da aka yi mini a gaban mutane, na tuna ku. Na naɗe kan a tsumma, na zaga baya na jefa shi a masai. Gilashin kuma na ja labule na rufe gefen da ya zanu, da aka gani daga baya aka ce cikin ɓarnar Jatau ce ba a lura ba. Na bar su a kan haka.

Na je sito na ce kan ya tsage. Tsohon ya ce, "Ina gawar?" Na ce na jefar. Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo sabo.

Da na koma gida Innarka ta ga hannun, ta tambaya, na gaya mata komai, domin ita ba a ɓoye mata abu. Ta ajiye abin da take yi ta ce, "Malam, gobe ka je ka faɗa."

Na ce, "In na faɗa, me za ku ci?"

Ta ce, "Su can me suke ci?"

Na yi mata tsawa na fita. Ba ta sake tayar da maganar ba, amma daga ranar in an kawo doya gidan nan ta dafa muku, ita ba ta ci. Wannan kuskure na uku ya fi na baya duka, domin na farko wauta ce, na biyu zato ne, wannan kuwa da sanina na yi. In ka yi ɓarna a wurin aiki, ka kai kanka kafin rana ta faɗi. Laifin kwana ɗaya ana faɗarsa da baki ɗaya, wanda ya kwana kuwa kullum sai ka yi masa sabuwar ƙarya.

Daga nan sai tsoron buroshi ya kama ni. Ko gashi ɗaya na ga ya karkace sai in ga waya. Na koma sito kusan kowane wata ina neman sabon kai, kuma ba na kawo tsohon, don kada wani ya duba ya tuna da zancen Jatau. Mutumin da ya yi shekara biyu da kai ɗaya, yanzu ya ci biyar kafin shekara ta zagayo. Mai sito ba yaro ba ne. Ya fara cewa ina kai su Gauraka ina sayar wa masu wankin manyan motoci.

Ba wanda ya faɗa mini a fuska. Sai dai in na shiga ɗakin girki hira ta mutu. In na tashi aiki, mai gadi ya ce in buɗe jakata, abin da bai taɓa yi ba. Wata rana na je Tafa gaishe da ƙanwata, washegari heluma ya tambaye ni me na je yi ta wajen Gauraka, wa na gani, me na ɗauka a buhu. Na ce rogo ne. Ya ce, "To," irin to ɗin da ba ta da yarda a ciki. In na yi shiru su ce ga shi, in na rantse su ce ga shi. Sun bincika akwatina na wurin aiki ba su sami komai ba, kallon kuma bai canja ba. Wata huɗu na yi a haka, na rame har wandona yana zamewa. A cikin watannin nan ne na gane abin da na shayar da Jatau, ni da ban ma rasa aikina ba.

Ka ga ashe canjawa da wuri ma tana da nata sharrin. Kada ka bar kai ya wuce lokacinsa, kada kuma ka yar da mai sauran rai. In ya ƙare, ka kai shi gaban shugabanka, ka nuna masa gashin da katakon, ya gani da idonsa, sannan ka miƙa tsohon a sito ka karɓi sabo a gaban shaida. Sabon ma ka gwada shi a hannu nan take, domin akwai masu sito da ke wanke tsohon wani su miƙo maka a matsayin sabo. Ka yi wa naka alama da wuƙa a jikin katako, kada a musanya maka. Kuma duk tagar da za ka fara taɓawa, ka dube ta daga gefe tana bushe, in da zane ka kira a gani kafin ka sa ruwa. Ban ce ka yarda da kowa ba. Na ce kafin ka zargi mutum, ka fara da abin da ke hannunka.

Shekara biyu da korarsa, lokacin haƙar doya, na tafi Iku. Na same shi a gona, ya yi baƙi ya bushe. Ya amsa sallamata, ya nuna mini inuwa, ya ba ni ruwa a ƙwarya. Na gaya masa komai, har masai ban ɓoye ba. Yana saurare yana kankare ƙasa daga jikin fartanya.

Da na gama ya ce, "Na san lokacin da ka gane. Ranar kasuwa na hango ka, ka hango ni, ka shige layin masu tukwane. Mai gaskiya ba ya canja hanya."

Na ce, "Jatau, ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Ba a gona ka faɗi waccan maganar ba, Malam Isa. Inda ka faɗe ta, can za ka faɗi wannan."

Washegari da safe, lokacin da ake raba aiki, kowa na tsaye, na ce wa heluma ina da magana. Na faɗa a gaban mai sito da masu dafa abinci da mai gadi. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Heluma ya ce, "Ka sa na ci amanar mutum da hannuna." Aka karɓe sandar aka ba wani, aka mayar da ni yankan ciyawa, a nan na ƙarasa shekaruna a gidan. Gurbin Jatau an riga an cike shi, suka ce ba yadda za a yi. Abin da na iya samu, bayan na yi ta sintiri, shi ne sabuwar takarda mai cewa ba shi da laifi, ya yi aiki da amana.

Na kai masa da kaina. Ba ya karatu, sai ya kira babbar 'yarsa ta karanta masa. Ta riƙe takardar tana bin ta da yatsa, tana haɗa baƙi ɗaya ɗaya, ta kakare a tsakiya. Na ce ai na san tana makaranta a gari, har ana cewa ita ke zuwa ta ɗaya. Jatau ya ce, "A da ke nan. Tun da muka dawo ba ta koma ba." Ni na ƙarasa karanta masa. Ya karɓa ya ninke, ya soke ta a jikin jinka, ya ce in gaida gida.

Yana nan da ransa. Kowace shekara bayan sallah nakan je in gaishe shi, ya shimfiɗa mini tabarma, mu yi zancen ruwa da amfanin gona. Sau uku na sake roƙonsa, kowane karo sai ya ce, "Na ji." Har yau bai ce ya yafe ba, ni kuma ban ga laifinsa ba, kuma ban daina zuwa ba. In ka zo hutu za ka raka ni, ka gaishe shi da kyau, ka ga mutumin da idonka.

Allah ya tsare ka a kan tsani da ƙarƙashinsa, ya tsare hannunka daga ɓarna, bakinka daga cin naman wanda bai ci naka ba. Allah ya haɗa ka da shugaba mai bincike kafin hukunci, ya raba ka da abokin aiki irin wanda na zama. Ka riƙe salla, ka rubuto mana da hannunka. Allah ya dawo mana da kai lafiya, amin.

Ni ne mahaifinka,
Isa, daga Suleja.